Fred Scamaroni: waye shi, kuma me ya haɗa sunansa da jirgin Salem Express?

Wani ɗan'uwa ne ya turo min tambaya, yace yana karanta labarin Salem Express, jirgin ruwan nan na Masar da ya nutse a Bahar Maliya ɗauke da mutanen da ke dawowa daga Jidda, sai yaga wai asalin sunan jirgin Fred Scamaroni, kuma ance sunan wani matuƙin jirgin yaƙin Faransa ne da ya koma gwagwarmayar ɓoye a yaƙin duniya na biyu. Yana so yaji waye mutumin, me yayi har aka sa wa jirgi sunansa, sannan da gaske ne kashe kansa yayi, in kuwa haka ne ya akayi ake girmama shi.

Toh malam, na daɗe ina bibiyar tarihin wannan yaƙin musamman ɓangaren da ya taɓo Afirka ta Yamma, kuma wannan mutumin na cikin waɗanda labarinsu ya biyo ta ƙofar gidanmu ba tare da yawancinmu mun sani ba, don sai da ya sha ɗauri a Dakar da Bamako. Amma bari in fara da gyara ɗaya, ba matuƙi bane irin wanda kake tunani, wanda ya kakkaɓo jirage goma ko ashirin. A 1940 aikinsa a jirgin yaƙi shine leƙen ƙasa, wato shi ne mutumin da ke zaune tare da direba yana duba inda abokan gaba suke, yana riƙe da taswira, yana ɗaukar hoto. Zamansa a sojan sama ma gajere ne ƙwarai. Abin da yasa ake tunawa dashi a ƙasa ya faru, cikin wani ɗakin kurkuku.

Sunansa na yanka Godefroy, Fred ɗin inkiya ce ta bi shi. An haife shi ranar 24 ga Oktoba 1914 a Ajaccio, babban birnin tsibirin Kosika, garin da aka haifi Napoleon. Babansa préfet ne, 'yan Nijar sun san wannan kalmar sarai, ga 'yan Najeriya kuma ku ɗauka kamar kantoma ne da gwamnatin tsakiya ke naɗawa ya riƙe yanki guda. Shima ya karanta shari'a ya bi sawun uban, yana da shekara ashirin da 'yan kai ya zama shugaban ofishin préfet, na farko a Doubs, daga baya a Calvados can Normandi. Kaga ɗan gata ne, hanya a share take, da ya zauna a kujerarsa da ba wanda zai ce masa don me, don masu irin muƙaminsa ana iya barinsu a ofis ko ana yaƙi. Da yaƙi ya ɓarke a 1939 sai ya tafi sojan ƙasa, daga nan ya nemi a maida shi sojan sama, a watan Mayu 1940 aka ji masa rauni a sama lokacin da Jamusawa ke ratsa Faransa kamar wuƙa a cikin man shanu.

Sati shida kacal Faransa ta faɗi. Ranar 17 ga Yuni Marshal Pétain, sabon shugaban gwamnatin Faransa, ya fito a rediyo yace a daina faɗa, washegari 18 ga wata wani janar da kusan ba wanda ya san shi, de Gaulle, yayi magana ta BBC daga Landan yace yaƙi bai ƙare ba, ranar 22 aka sa hannu a yarjejeniyar saranda. Scamaroni bai jira an sa hannun ba ma, ranar 21 ga Yuni ya shiga wani jirgin ruwan Poland mai suna Sobieski a Saint-Jean-de-Luz, kusa da iyakar Sifen, ya tsallaka Ingila. Ina so ka lura da wannan ranar don ita ce ma'aunin da Faransawa ke auna mutane da shi har yau, wanda ya zo a watan Yuni 1940 da wanda ya zo a 1944 bayan kowa ya ga inda iska ta kaɗa ba ɗaya suke ba. A lokacin mutanen de Gaulle 'yan dubbai ne kawai, gwamnatin Vichy kuma, wato gwamnatin Pétain da ta sasanta da Jamus ta zauna a garin Vichy, kallon 'yan tawaye take musu, shi kansa janar ɗin sai da kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa a watan Agusta.

Nan ne labarin ya iso wajenmu. De Gaulle bashi da ƙasa ko taku ɗaya, baƙo ne a gidan Turawan Ingila, don haka idonsa na kan ƙasashen da Faransa ke mulka a Afirka. Ranar 26 ga Agusta 1940 gwamnan Cadi, Félix Éboué, baƙar fata ɗan Guyana ta Faransa, ya bayyana cewa Cadi ta bi de Gaulle, washegari Leclerc, wani hafsan de Gaulle, ya shiga Duwala cikin kwale-kwale daga ɓangaren Kamaru da ke hannun Ingila, ranar 28 Brazzaville ta bi. Wannan ba ƙaramin abu bane gare mu, don shi ya buɗe hanyar jiragen yaƙin Ingila da ake harhaɗawa a Takoradi su biyo ta Legas, Kano, Maiduguri, su ratsa sararin Cadi zuwa Sudan har Alƙahira. Amma Afirka ta Yamma ta Faransa, wadda Nijar ke ciki, ta tsaya a bayan Vichy ƙarƙashin gwamna janar Pierre Boisson da ke zaune a Dakar, shi yasa tsakanin 1940 da ƙarshen 1942 iyakar Najeriya da Nijar ta zama iyakar ɓangarori biyu masu zaman doya da manja, ɗan'uwa a Maraɗi yana ƙarƙashin Pétain, ɗan'uwansa a Katsina yana ƙarƙashin Sarkin Ingila.

Sai akace toh a je a karɓo Dakar. Tashar jirgin ruwa ce babba, ga katafaren jirgin yaƙi Richelieu a ciki, ga zinaren bankin Faransa da na Beljiyam da na Poland da aka gudo dashi aka kai can cikin ƙasa Kayes. Tunanin de Gaulle shine in mutanen Dakar suka wayi gari suka ga rundunar jiragen ruwa ta cika teku, ga 'yan'uwansu Faransawa sun sauko da farar tuta suna cewa ku zo mu haɗu, zasu bi ba tare da an zubar da jini ba. Abin da aka raina shine zafin da ke zuciyar sojan ruwan Faransa, don ranar 3 ga Yuli Ingila ta yi luguden wuta kan jiragensu a Mers el-Kébir ta Aljeriya ta kashe musu mutum kusan 1,300, kwana biyar bayan nan kuma ta kai wa Richelieu ɗin hari a nan Dakar. Mutumin da ka kashe wa ɗan'uwa wata biyu da suka wuce kazo kace masa ga hannu mu gaisa, ai ka san amsar.

Da asubar 23 ga Satumba 1940 wasu ƙananan jiragen sama guda biyu, irin na koyon tuƙi, suka tashi daga kan Ark Royal, jirgin ruwan Ingila mai dakon jiragen sama, suka sauka a filin jirgin Ouakam da 'yan tsirarun hafsoshin de Gaulle, Scamaroni na ciki. Aikinsu su lallashi 'yan'uwansu sojan sama su juyo. Aka kama su. A tashar ruwa kuma 'yan aiken da suka je da farar tuta aka buɗe musu wuta har aka raunata jagoransu Thierry d'Argenlieu, ga hazo ya rufe teku ranar, rundunar da ake so mutanen gari su gani su razana ba wanda ya ganta. Kwana uku ana ɓarin wuta, wani jirgin ƙarƙashin teku na Vichy ya huda babban jirgin Ingila Resolution, ranar 25 aka haƙura aka juya. Mutanen Dakar farar hula da basu ji ba basu gani ba su ma sun mutu a wannan ruwan bama-baman, kuma da wuya kaji an ambace su.

Shi kuwa Scamaroni aka bar shi a hannun 'yan ƙasarsa. Kurkuku a Dakar, daga nan Bamako, ga zazzaɓin cizon sauro, sannan aka wuce dashi Aljeriya jikinsa duk ya lalace. Wannan wajen yana bani mamaki kullum, wai ɗaurin farko da ya sha ba Bajamushe bane ya ɗaure shi, ba Ba'italiye bane, Bafaranshe ne mai kaki irin nasa wanda wataƙila makaranta ɗaya suka yi. Mutane na ɗauka yaƙin Faransa da Jamus ne kawai, alhali akwai yaƙin cikin gida a ciki, kuma a ƙasar Afirka aka fara gwabza shi.

Farkon 1941 yana waje, an sake shi. Maimakon ya nemi hanyar komawa jirgin sama sai ya ɗauki wani ƙaramin aiki a ma'aikatar rabon abinci a garin Vichy ɗin kanta, mutumin da ya riƙe ofishin préfet ya koma ƙaramin akawu, da rana yana cike takardu, a bayan fage yana haɗa wata ƙungiyar tattara bayanai mai suna Copernic yana aikawa Landan. A wannan shekarar ya je Kosika ya soma ɗaura zare da mutanen da ya yarda dasu. Da asirin ƙungiyar ya fara tonuwa sai aka kira shi ya koma Landan, ya shiga hukumar leƙen asirin de Gaulle, BCRA, wadda Kanar Passy ke shugabanta. Daga nan ya tashi daga sojan sama ya zama ɗan aiken ɓoye gaba ɗaya.

Me yasa Kosika? Na ɗaya gida ne, a tsibirin da dangi da zumunci suke gaba da komai, in baka da ɗan'uwa a ƙauye ba wanda zai buɗe maka ƙofa, shi kuwa ta uwa ta uba yana da su. Na biyu Mussolini, shugaban Italiya, ya daɗe yana cewa Kosika tasa ce, har a ranar 4 ga Disamba 1938 dubban mutane suka taru a Bastia suka yi rantsuwa cewa a Faransawa zasu rayu a Faransawa zasu mutu. Da sojojin Amurka da Ingila suka sauka a Maroko da Aljeriya ranar 8 ga Nuwamba 1942, kwana uku bayan nan Italiya ta mamaye tsibirin, ta zuba soja kusan 80,000 a wajen da mutanensa 200,000 ne da ɗoriya. Lissafa ka gani, kusan duk mutum uku soja ɗaya. A irin wannan wajen ne za'a ce ka shiga ka kafa ƙungiyar asiri, a garin da aka haife ka, inda tsohuwa zata iya ganinka a kasuwa tace kai ba ɗan wane bane?

Akwai kuma na uku wanda littattafan yara basa faɗa. A Aljiyas akwai wani janar, Henri Giraud, wanda Amurkawa suka fi so akan de Gaulle, kuma mutanensa sun riga sun shiga Kosika tun tsakiyar Disamba 1942 da jirgin ƙarƙashin teku Casabianca. A cikin tsibirin kuma ƙungiyar da ta fi kowa jama'a ita ce Front National, kar ka rikita ta da jam'iyyar Le Pen ta baya, wannan ta lokacin yaƙi ce kuma 'yan kwaminis ke jan ragamarta. Don haka aikin Scamaroni ba wai shirya wa Italiyawa tarko bane kawai, harda tabbatar da cewa ranar da aka 'yanta Kosika da sunan de Gaulle za'a 'yanta ta. Siyasa ce tsagwaronta a tsakiyar yaƙi.

Daren 6 wayewar 7 ga Janairu 1943 jirgin ƙarƙashin teku na Ingila, Tribune, ya sauke shi a gaɓar da ke kudu da Ajaccio, shi da mai aika saƙon rediyo da wani mai koyar da sarrafa makamai. Sunan aikin Sea Urchin, sunan da yake amfani dashi Severi, ƙungiyar da ya kafa kuma R2 Corse. Aikin yau da gobe ba irin na fim bane, yawo ne a ƙasa da keke da motar haya, gano filayen da jirgi zai iya jefo makamai da laima, gano lungunan teku da za'a iya sauke kaya da dare, ƙirga sojan Italiya da inda suka girke igwa, da zaman lallashin manyan gari waɗanda kowannensu ke ganin shi ya kamata ya zama shugaba. Haɗa kan ƙungiyoyin dai bai samu ba, 'yan Front National basu ga dalilin da zasu miƙa wuya ga wani saurayi da ya zo daga Landan ba.

Duk wanda ya san yadda irin waɗannan ƙungiyoyin ke rushewa zai gaya maka ta wajen rediyo ɓaraka ke fara shiga. Na'urar akwati ce guda mai nauyi, sai an miƙa mata doguwar waya, ana buga saƙo da ƙwanƙwasa irin na tangaraho, kuma akwai sa'o'in da aka tsayar da Landan ke sauraro, kaga dole mai bugawa ya zauna waje ɗaya a lokaci sananne yayin da abokan gaba ke da motocin da ke bin sawun sautin. Sannan shi mai rediyon ya san shugaba ido da ido, ya san gidajen da ake ɓoye shi. In aka kama shi an kama rabin ƙungiya. Abin da ya faru ke nan a tsakiyar Maris 1943, jami'an Italiya suka cafke mai rediyon, suka gana masa azaba, ya yi magana. Da gangan na ƙi rubuta sunansa, don wanda bai taɓa shiga hannun masu azabtarwa ba bai kamata ya yi saurin kiran wani maci amana ba, kuma maganar da yayi bata cece shi ba, Italiyawan sun harbe shi daga baya.

Ranar 18 ga Maris aka kama Scamaroni a Ajaccio aka kai shi tsohuwar ganuwar soja da ke bakin teku. Aka azabtar dashi. Ranar 19 aka same shi ya kashe kansa a ɗakin da guntun waya, yana da shekara 28, sati goma kacal da saukarsa. Abin da ake ruwaitowa a Kosika, kuma shi ake maimaitawa a duk taron tunawa dashi, shine ya rubuta a bango da jininsa cewa bai yi magana ba, ya yi wa Faransa da de Gaulle fatan ɗorewa.

Yanzu ga ɓangaren tambayarka mai nauyi. Ni ba malamin addini bane kuma ba fatawa zan bayar ba, mu dai mun san hukuncin kashe kai a Musulunci, kuma cocin Katolika da aka haife shi a ciki ita ma haramun ne a wajenta, a wancan zamanin ma tana hana yi wa wanda ya kashe kansa jana'izar coci. Don haka ba wai su a wajensu abu ne mai sauƙi ba. Abin da zan iya yi shine in nuna maka lissafin da mutanen ke yi. Duk ɗan aiken da za'a tura ana gaya masa gaskiya cewa kusan kowa yana karyewa in azaba ta yi tsawo, abin da ake roƙonsa shine ya daure kwana biyu don sauran su samu labari su canza gida. Shi kuwa Scamaroni duk sunayen na kansa, kuma sunayen ba na baƙi bane, 'yan'uwa ne da abokan babansa da mutanen da suka bashi tabarma saboda sanin asali. Ya ga abin da azaba ta yi wa mai rediyonsa kwana ɗaya ko biyu kafin nan. Faransawa ba mutuwar suke girmamawa ba, shirun suke girmamawa, kuma ba shi kaɗai bane, Berty Albrecht a 1943, Pierre Brossolette da ya faɗo daga tagar ofishin Gestapo, 'yan sandan asirin Jamus, a Paris a watan Maris 1944, Jacques Bingen da ya haɗiyi guba a watan Mayu na shekarar, duk hanya ɗaya suka bi. Akwai kuma waɗanda suka daure har ƙarshe basu yi hakan ba, kamar Jean Moulin da duka ya kashe shi a watan Yuli 1943 bai faɗi komai ba, kodayake shi ma a watan Yuni 1940, yana préfet a Chartres, sai da ya yanki maƙogwaronsa da fasasshen gilashi don Jamusawa sun matsa masa ya sa hannu a takardar ƙarya da ke ɗora wa sojojin Afirka baƙaƙe na rundunar Faransa laifin kashe farar hula. Wannan labarin ya kamata duk ɗan Afirka ta Yamma ya san shi.

Toh amma in za'a faɗi gaskiya, ta fuskar soja aikinsa bai yi nasara ba. Duk da shirun nasa R2 Corse ta watse, an kama wasu, wasu sun shiga daji, waɗanda suka rage yawancinsu suka koma Front National. Giraud ya turo Paulin Colonna d'Istria a watan Afrilu, shi ya haɗa kan mayaƙan, Casabianca da jiragen sama suka dinga kawo makamai. Da aka sanar da sarandar Italiya ranar 8 ga Satumba 1943, washegari Ajaccio ta tashi, aka fuskanci Jamusawan da ke tsibirin da waɗanda ke tsallakowa daga Sardiniya, sojan Italiya da yawa suka juya suka yaƙi Jamus, daga Aljeriya aka kawo ɗauki, kuma mafi yawan waɗanda suka hau duwatsun da ke saman Bastia suka kori Jamusawa daga mashigar Teghime 'yan Maroko ne, Musulmi 'yan tsaunin Atlas. Ranar 4 ga Oktoba aka shiga Bastia, Kosika ta zama yanki na farko na Faransa ta Turai da aka 'yanta, wata takwas kafin saukar sojojin Amurka da Ingila a Normandi. Giraud yayi wannan shirin ne bai sanar da de Gaulle yadda ya kamata ba, kuma wata ɗaya bayan nan, a Nuwamba, de Gaulle ya ture shi daga shugabancin haɗin gwiwa da suke yi.

Ka ga inda zancen tunawa ya shigo. Waɗanda suka 'yanta tsibirin 'yan kwaminis ne da mutanen Giraud da 'yan Maroko da ma Italiyawan da suka juya, ɓangaren de Gaulle kuwa abin da suke dashi a Kosika shine wannan saurayin da ya mutu da sunan janar ɗin a bakinsa. A watan Oktoba 1943 ɗin nan aka bashi lambar Compagnon de la Libération, lambar da de Gaulle ya ƙirƙiro a Brazzaville ranar 16 ga Nuwamba 1940 wadda mutum 1,038 kacal suka samu, cikinsu harda Éboué da Sarki Muhammadu na Biyar na Maroko, mata kuwa 6 ne tak, na ƙarshensu Hubert Germain ya rasu a 2021. Aka ɗaga shi zuwa muƙamin préfet bayan mutuwa. A Ajaccio akwai babban titi da sunansa da wajen tunawa dashi, a Bastia akwai makarantar koyon sana'a, a 1958 gidan waya ya fitar da kan sarki mai hotonsa cikin jerin jaruman gwagwarmaya, yayarsa Marie-Claire wadda ita ma tayi gwagwarmayar ta rubuta tarihinsa. Su kuma 'yan kwaminis nasu gwarzon shine Jean Nicoli, malamin makaranta da ya taɓa koyarwa shekaru a ƙasar da yanzu ake kira Mali, wanda Italiyawa suka kashe a Bastia ranar 30 ga Agusta 1943, kwana goma kafin boren. Kowane ɓangare da gawarsa da yake ɗagawa. Ba ina cewa Scamaroni bai cancanta bane, wallahi ya cancanta, mutumin da ya bar kujera sau biyu ya tafi inda ake mutuwa. Ina cewa ne girman sunan mamaci yana bin ƙarfin waɗanda suka rage a raye, shi yasa zaka samu titi da sunansa cikin sauƙi, amma sunan ɗan Maroko guda ɗaya da ya faɗi a Teghime sai ka je maƙabartar sojoji ka karanta a jikin dutse.

Jirgin da ka tambaya kuma cikin wannan karramawar yake. An ƙera shi a La Seyne-sur-Mer kusa da Toulon, aka sa masa suna Fred Scamaroni, ya fara aiki a 1966 yana jigilar mutane da motoci tsakanin kudancin Faransa da Kosika, shekara goma sha huɗu yana shiga tashar Ajaccio yana wucewa ta gaban ganuwar da mai sunan ya mutu a ciki. A 1980 aka sayar dashi, ya zama Nuits Saint Georges, ya faɗa hannun Misirawa ya zama Lord Sinai, ya zama Al Tahra, a 1988 ya zama Salem Express yana zirga-zirga tsakanin Jidda da tashoshin Masar. Daren 14 wayewar 15 ga Disamba 1991 yana dawowa daga Jidda cikin iska mai ƙarfi, maƙare da ma'aikata 'yan ci-rani da masu dawowa daga ibada da kayan tsarabarsu, kyaftin ya yanke ta gajeriyar hanya kusa da Safaga, jirgin ya daki dutsen murjani na Hyndman, ƙofar gaba da motoci ke shiga ta buɗe, ruwa ya cika falon motocin, cikin mintuna kaɗan ya kife. Alƙaluman hukuma sun ce mutum wajen 470 suka rasu, mutane da yawa a Masar na ganin adadin ya fi haka. Allah ya jiƙan Musulmin da suka rasu a ciki. Har yanzu yana nan kwance a gefensa na dama a zurfin mita 30, masu nutso na zuwa kallonsa, akwatunan fasinjoji na nan a ciki.